Tarihin Magabata: Malam Jibrilu Ɗan Umaru, Malamin Adar Da Ya Karantar Da Shehu

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai tsaya ne a gida, domin malamin da za mu yi magana a kansa a wannan yanki namu ya karantar, kuma a nan ƙasar Madawa Allah ya karɓi ransa. Shi ne Shehu Jibrilu ɗan Umaru, Allah ya yi masa rahama. Duk wanda ya taɓa zama aka karanta tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ji an ambaci sunansa, amma galibi ambato ne na wucewa. A ce malamin Shehu ne, ya yi hajji sau biyu, yana da zafi, daga nan sai mai ba da labari ya yi gaba zuwa Tabkin Kwatto. Wannan ya yi kaɗan ga mutumin da Shehu da kansa ya yi masa shaida cewa shi ne ya fara rushe miyagun al'adu a waɗannan ƙasashe, aikin da Allah ya cika daga baya a hannun almajiransa.

Malam Jibrilu yana cikin wani rukuni na malaman wannan yanki waɗanda ba sarkin da ya naɗa su, ba su kuma dogara da tuwon fada ba, amma karatu ya haɗa su tun daga Agadas har Zamfara. Suna ziyartar juna, suna aika wa juna almajirai, suna ba juna ijaza, kuma idan ɗaya ya yi kuskure wani ya ɗauki alƙalami ya gyara masa. Wanda ya san yadda wannan bawan Allah ya rayu, zai gane yadda wannan zumunci na malamai ya gudanar da aikinsa.

Asalinsa da ƙasar da ya tashi

Sunansa Jibrilu ɗan Umaru, alkunyarsa Abul Amana. Littattafan Larabci suna jingina shi ga birnin Agadas, suna ce masa al-Aƙdasi, alhali kuwa mutanen Adar ba su taɓa ɗaukarsa baƙo ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a ƙarni na 18 na Miladiyya Adar da Agadas kamar ɗaki da zaure suke. Tun wajajen 1674 da Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ya ci Adar da yaƙi, sarautar ƙasar ta koma hannunsa da na zuriyarsa. Ayarin Abzinawa yana saukowa da gishiri da dabino, ya koma da hatsi da tufafi, Kel Geres kuma suna gangarowa zuwa wannan sashe da har yau jikokinsu ke zaune a cikinsa. Ta kudu kuwa Gobir ce ke tashe, domin Sarki Babari ya riga ya ci Birnin Zamfara ya kafa Alƙalawa. Saboda haka malamin da ke zaune a Adar yana tsakanin ƙarfi biyu ne, takobin Abzin ta arewa da dawakin Gobir ta kudu.

Agadas daɗaɗɗen gidan ilimi ne. Ta ƙasar Abzin Shehu Magili ya bi a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Kano da Katsina, kuma a wannan zamani ne Imam Suyuɗi ya aiko daga Masar da wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Agadas da Katsina. A cikin wannan gado Malam Jibrilu ya yi karatu, kuma daga cikin malamansa akwai Malam Ali Jabbo, wani babban malami Bafillace. Ku lura da wannan tun yanzu: ya ɗauki karatu daga Bafillace, ya zauna cikin Buzaye da Hausawa, ya kuma mayar da karatun ga Fulani. A zauren malamai na wancan lokaci tambayar da ake yi wa baƙo ita ce wane littafi ya sauke, kuma a gaban wa.

Yadda karatu ke tafiya a lokacin

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan, domin yaran yanzu da suka saba da aji da jarrabawa da takardar shaida ba za su gane girman Malam Jibrilu ba sai sun san yadda ake zama malami a zamaninsa.

Yaro yakan fara da allo a gaban mahaifinsa ko malamin unguwa har ya sauke Alƙur'ani. Daga nan ya shiga karatun littattafai, ya fara da ƙananan littattafan tauhidi da fiƙihu, ya hau Risala, ya kai ga Muhtasar na Halilu, yana haɗawa da nahawu da lugga. To, ba malami ɗaya ne ke da dukkan fannonin nan ba. Wani gwanin nahawu ne a wata ruga, wani na tafsiri ne a cikin Zamfara, wani kuma hadisi ne nasa. Dole almajiri ya rataya gafakarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa malami noma da damina, ya ɗebo ruwa, ya kwafi littafin da hannunsa, domin takarda daga ƙetaren hamada fatake ke kawo ta kuma tsadarta ba kaɗan ba ce. Idan ya sauke littafi, malami ya gamsu da fahimtarsa, sai ya ba shi ijaza, wato izinin ya ruwaito wannan littafi ya kuma karantar da shi, tare da jerin sunayen malaman da littafin ya biyo ta hannunsu har zuwa mawallafinsa. Wannan jeri shi ake kira sanadi.

Idan muka dubi malaman Shehu Usmanu da ƙaninsa Malam Abdullahi, kamar yadda Abdullahin ya lissafa su a littafinsa Ida'un Nusuki wanda ya rubuta a 1227 Hijiriyya (1812), za mu ga wannan tsari a fili. Akwai Usmanu Binduri wanda Shehu ya karanta Muhtasar a gabansa ya kuma ɗauki ɗabi'unsa na umurni da kyakkyawa da hani da mummuna. Akwai Muhammadu Sambo. Akwai Abdurrahmanu ɗan Hammada na nahawu. Akwai Hashimu Bazamfare na tafsiri. Akwai Alhaji Muhammadu ɗan Raji wanda suka karanta Sahihul Buhari a gabansa a 1201 (1786). Waɗannan mutane ba su da ofis, ba su da magatakarda, ba su da asusu, amma kowa ya san kowa, kuma ijazar ɗaya karɓaɓɓiya ce a wurin sauran. Abin da ya ɗaukaka Malam Jibrilu a cikinsu shi ne, shi ne ƙofarsu zuwa Gabas. Ta hannunsa sanadin malaman Masar na wannan zamani ya shigo zaurukan Adar da Gobir da ɗuminsa.

Shekara guda tare da Shehu

An haifi Shehu Usmanu a Maratta, kusa da Galmi, a 1168 (1754), ya kuma tashi a Degel. Bayan ya yi nisa a karatu wurin danginsa, sai ya nufi Malam Jibrilu, ya lazimce shi kusan shekara guda yana ɗaukar karatu, yana bin sa duk inda ya sa ƙafa, har suka isa Agadas. Malam Jibrilu a lokacin yana kan hanyar hajji ne. Ba sai an faɗa ba, saurayi mai ƙishirwar ilimi wanda ya riga ya kai bakin hamada tare da malaminsa, ba abin da zai so kamar ya wuce. Amma Malam Jibrilu ya mayar da shi gida wurin mahaifinsa, saboda mahaifin, Malam Muhammadu Fodiyo, bai ba shi izinin tafiya hajji ba.

Mutumin da aka sani da zafi ne ya yi wannan. Yana da almajiri haziƙi wanda zai yi masa hidima a hanya, wanda kuma zai yi alfahari da shi a gaban malaman Azhar, amma ya ga haƙƙin uba ya rigayi sha'awar malami. Shehu Usmanu har ya koma ga Allah a 1817 bai samu zuwa Makka ba, kuma waƙoƙinsa na begen Manzon Allah (S.A.W.) suna nuna irin yadda abin ya zauna masa a zuciya. Allah ne masanin hikimarsa. Abin da muka gani dai shi ne, wanda aka mayar daga Agadas shi ne ya shafe shekara talatin yana yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara, tun daga 1188 (1774) har zuwa hijira. Malamanmu na yau masu kwasar 'ya'yan mutane zuwa nesa ba da cikakkiyar yardar iyaye ba, ko masu zuga matashi ya raina mahaifinsa da sunan ya fi shi sanin Sunna, ga abin dubawa daga wanda ya fi su kishin addini.

A Masar da Haramaini

Hajji a wancan zamani tafiya ce ta shekaru. Daga Agadas ayari yakan yanki hamada ta Gat da Fazzan, a bi rijiya bayan rijiya har a faɗa Masar, a jira ayarin alhazan Alƙahira a bi shi zuwa Hijaz. Mutum yakan yi wasiyya kafin ya fita, kuma da yawa ba su komo ba. Malam Muhammadu Sambo da muka ambata, a Agadas ya rasu a kan hanyarsa ta dawowa daga hajji, bai ƙaraso gida ba. Irin wannan tafiya Malam Jibrilu ya yi har sau biyu.

Kuma bai wuce Alƙahira kamar mai wucewa zango ba, ya zauna ya yi karatu. A lokacin babban malamin Malikiyya a Azhar shi ne Shehu Ahmadu Dardiri, mai Aƙrabul Masaliki da sharhin nan babba a kan Muhtasar, littattafan da har gobe ana karanta su a zaurukanmu. Dardiri ya rasu a 1201 (1786), kuma yana cikin manyan shehunnan ɗariƙar Halwatiyya wadda ta yi ƙarfi a tsakanin malaman Azhar na wannan ƙarni. Malam Jibrilu ya zauna da shi ya amfana.

Amma haɗuwar da ta fi barin alama ita ce haɗuwarsa da Sayyid Muhammadu Murtala Zabidi. Wannan malami abin al'ajabi ne. An haife shi a ƙasar Hindu a 1145 (1732), ya yi karatu a Zabid ta ƙasar Yaman, ya zo Alƙahira ya zauna. Shi ne mai Tajul Arusi, babban ƙamus ɗin nan na Larabci da ya shafe shekara goma sha huɗu yana rubutawa, shi ne kuma mai Ithafus Sadatil Muttaƙina, sharhin Ihya'u na Imam Gazali. Ya farfaɗo da majalisun karanta hadisi da sanadi bayan an yi sakaci da su, gidansa kuma ya zama masaukin alhazan Magrib da na ƙasashen baƙar fata, yana tambayar kowane baƙo labarin ƙasarsa da malamanta yana rubutawa. A 1198 (1784) ya ba Malam Jibrilu ijaza. Shekara bakwai bayan haka, a 1205 (1791), annoba ta ɗauke Zabidi a Alƙahira.

Ku auna wannan, 'yan'uwa. Mutumin da malaman Istambul da Fas da Hijaz ke neman ijazarsa ta wasiƙa, ga wani malami daga ƙasar duwatsun Adar ya zauna gabansa ya karɓa hannu da hannu. Wanda ya buɗe littafin Shehu Usmanu na sanadoji, Asanidul Faƙiri, zai ga sanadi bayan sanadi yana fita daga Shehu zuwa Malam Jibrilu da ɗansa Abut Taufiƙi Umaru, daga nan zuwa Zabidi, har ya tuƙe ga masu littattafan hadisi. Tsakanin Degel da babban malamin hadisi na Alƙahira mutum ɗaya ne tak. Masu cewa kakanninmu suna zaune ne a lungu, duniya ba ta san da su ba su ma ba su san da ita ba har sai da Bature ya zo, ga amsarsu.

Da ya dawo daga hajji na biyu, Shehu Usmanu, wanda a lokacin sunansa ya riga ya cika ƙasa, ya tashi takanas ya kai masa ziyara tare da Malam Abdullahi. Malam Jibrilu ya laƙƙana musu kalmar tauhidi, ya yi musu ijaza da dukkan abin da yake ruwaitowa, ya kuma ba su Alfiyyatus Sanadi, doguwar waƙar da Zabidi ya tsara malamansa da sanadojinsa a cikinta. Ta hannunsa ne kuma Shehu ya sami silsilar Halwatiyya, ƙari a kan Ƙadiriyyar da aka fi saninsa da ita. Shehu ya koma gida, ya bar Abdullahi ya ƙara zama, inda ya karanta littattafan usulul fiƙihu, irin su Kaukabus Saɗi'i na Suyuɗi da Jam'ul Jawami'i da littattafan Ƙarafi, ya kuma karanta wasu daga cikin rubuce-rubucen malamin nasa. Bayan komawarsa ya yi masa waƙar yabo mai ƙafiyar jimun, wadda ya sa a cikin Tazyinul Waraƙati. Duk wanda ya san ƙwarewar Malam Abdullahi na Gwandu wajen usulu ya san inda aka ɗebo wani kaso nata.

Wa'azinsa, da mas'alar da almajirinsa ya saɓa masa

Malam Jibrilu bai tsaya ga karantar da almajirai a zaure ba, mai wa'azi ne wanda ba ya tauna magana. Abin da ya tarar a ƙasar nan shi ne mutane masu kalmar shahada, suna salla suna azumi, amma tare da haka ana yanka wa duwatsu da itatuwa, ana cin dukiyar maraya, babban ɗa ya handame gado ya hana mata da ƙanana, mai hali ya tara mata fiye da huɗu, ana cuɗanya maza da mata ba sutura, masu mulki kuma suna hukunci da al'adar kakanni su bar abin da Allah ya saukar. Ya yi magana a kan waɗannan a fili, a ƙasar Abzin da ƙasar Hausa, kuma masu iko ba su ji daɗinsa ba. Wa'azin nasa bai kai ga kafa jama'a mai ƙarfi kamar ta Degel ba, amma shi ya fasa ƙasar da wasu suka shuka.

To, a cikin wannan kishi ne ya kai ga wani matsayi mai nauyi. A cikin abin da ya rubuta ya hukunta cewa masu dawwama a kan irin waɗannan manyan laifuffuka sun fita daga Musulunci. Bai tsaya ga masu bautar wanin Allah ba, ya haɗa har da masu saɓo.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardama ce ta malamai wadda ba ta shafi talaka ba. Idan aka ce mutum ya kafirta, aurensa ya warware, ba ya gadon mahaifinsa, ba a cin yankansa, idan ya mutu ba a yi masa salla ba a kuma kai shi maƙabartar Musulmi. A zamanin da ake kama mutane ana sayarwa kuwa, fitar da mutum daga Musulunci na iya zama hujja a hannun duk wani mai doki da ke neman bawa. Tun a farkon ƙarni na 17 Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi rubutu a kan haramcin bautar da Musulmin waɗannan ƙasashe. Kalma ce da ke zubar da jini.

Shehu Usmanu bai yi shiru ba don maganar ta malaminsa ce. Ya tattauna ta a cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, ya kuma keɓe mata littafi guda, Shifa'ul Galili, wanda sunansa ma yake nuna an yi shi ne don warware abin da ya rikitar daga maganar Shehu Jibrilu. Ya bayyana cewa kafirta Musulmi saboda zunubi tafarkin Hawarijawa ne, Mu'utazilawa kuma suka kusance su da cewa mai babban zunubi zai dawwama a wuta. Ahlus Sunna kuwa sun haɗu a kan cewa mai saɓo fasiƙi ne, al'amarinsa na hannun Allah, in ya so ya yafe masa in ya so ya yi masa azaba, kuma ba ya fita daga addini sai idan ya halatta abin da aka san haramcinsa, ko ya ƙaryata abin da Manzo ya zo da shi, ko ya aikata aikin da shi kansa shirka ne. Saboda haka Shehu ya raba tsakanin wanda ya ci dukiyar maraya yana sane da cewa laifi yake yi, da wanda ya yi yanka don neman biyan buƙata wurin dutse. Na farko mai saɓo ne a yi masa wa'azi, na biyu shi ne mai garwaya Musulunci da kafirci.

Abin da ya fi kamata mu riƙe shi ne yadda aka yi raddin. Shehu bai sassauta hukunci ba ko kaɗan, ya faɗi cewa maganar kuskure ce, ya kira ta da sunan mazhabar da ta yi kama da ita. Amma bai ce malaminsa Bahawarije ne ba. Ya nema masa uzuri, ya ce tsananin tausayinsa ga wannan al'umma da kishinsa a kanta ne suka kai shi ga tsanantawa, ya kuma ci gaba da ambatonsa da girmamawa, yana ruwaito sanadojinsa, yana yabonsa a waƙa, yana bayyana cewa alherin da ake gani a wurinsa daga wannan malami ya samo shi. Littafin da ya ƙi fatawar, a cikinsa ne ya yi masa shaidar da muka ambata a farko. A ganina wannan ne babban aikin da zumuncin malaman nan ya yi wa ƙasar Hausa, ya fi ma kawo littattafai daga Masar. Sun iya raba magana da mai magana. A yau kuwa, a garuruwanmu, saɓanin da bai kai rabin wannan ba ya isa a raba masallaci biyu, a daina gaisawa a kasuwa, a hana aure tsakanin gidaje, kowane ɓangare kuma yana kafa hujja da sunan Shehu.

Shi ma Shehun ba a ƙyale shi ba. A lokacin da yake wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya tare shi da baitoci yana zarginsa da barin mata suna halartar majalisinsa tare da maza. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba shi amsa, shi ma da baitoci, cewa ana keɓe matan gefe, kuma barinsu cikin jahilcin addininsu ya fi wannan muni. Ga almajirin Malam Jibrilu, mai tsananta hana cuɗanya, ana tuhumarsa da cuɗanya, an kuma warware maganar da tawada. Bayan jihadi ma mas'alar kafirtawa ta sake tasowa a wasiƙun da aka yi ta musaya tsakanin Shehu Muhammadu Aminu al-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello, inda al-Kanemi ya dage cewa saɓo ba kafirci ba ne, mutanen Sakkwato kuma suka amsa cewa su ma ba da saɓo suke kafirtawa ba.

Wasu marubutan Turai na ƙarnin da ya wuce, da suka ga zafin Malam Jibrilu suka kuma ga ya je Hijaz, sai suka yi zaton daga da'awar Shehu Muhammadu ɗan Abdulwahabi ya ɗauko ra'ayinsa. Wannan zato ba ya tsayuwa. Mutanen Najadu ba su shiga Makka ba sai 1803, shekaru da yawa bayan hajjinsa na ƙarshe, kuma malaman da ya ɗauka daga gare su, Dardiri da Zabidi, shehunnan ɗariƙa ne, shi kansa kuma mai laƙƙana wuridi ne. Zafinsa daga abin da idonsa ya gani a gida ya taso. Wanda duk ke son ya ja shi zuwa wani ɓangare na rigingimun da ake yi yanzu, sai ya yanke rabin tarihinsa kafin ya shiga.

Abin da ya bari, da rasuwarsa

An san Malam Jibrilu da karantarwa da wa'azi da tafiya neman ilimi, ba da zaman fada ba, kuma wannan hali ya bayyana ƙarara a almajirinsa. A wajajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ya ƙi karɓar dukiyar, a maimakonta ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Malamin da cikinsa ke hannun sarki ba zai iya buɗe baki ya nemi waɗannan ba. An ruwaito cewa Shehu da tufkar igiya yake samun abin masarufinsa.

Masu tarihin Sakkwato sun ruwaito cewa Malam Jibrilu ya hango abin da almajirin nasa zai zama, ya ba shi tuta, ya kuma yi masa mubaya'a tun kafin kowa, malami ya miƙa hannu ga wanda ya taɓa mayarwa gida daga Agadas. Bai ga cikar al'amarin ba. Ya rasu a nan ƙasar Madawa tun kafin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, kafin Tabkin Kwatto, kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808. Da Muhammadu Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya sa shi cikin manyan malaman waɗannan ƙasashe, kuma duk wanda a yau yake riƙe da ijazar hadisi da ta biyo ta gidan Shehu, daga Sakkwato da Gwandu har Adamawa, idan ya bi sunayen da ke cikinta a hankali zai iske Abul Amana Jibrilu ɗan Umaru a tsakanin Shehu Usmanu da Murtala Zabidi.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya gafarta masa da malamansa da almajiransa baki ɗaya, amin.